Batul da Kuramen Masaƙar Bahago

Akwai wani tsohon gini a birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Gayan, wanda duk baƙon da ya gifta sai ya waiwaya ya sake kallonsa. Faɗinsa ya kusa filin ƙwallo, rufinsa hawa-hawa kamar haƙoran zarto, ga wani dogon bututu a bayansa da ya daɗe rabonsa da hayaƙi. Masaƙar Bahago ake ce masa, ko da yake yanzu ko zaren ɗinke maɓalli ba a yi a ciki.

Wani attajirin auduga ne ya gina shi, Alhaji Bahago, Allah ya jiƙansa. Manya sun ce a wancan zamani, idan injinan saƙa suka tashi gaba ɗaya, har ruwan randa yana rawa a gidajen maƙwabta. Jiniyar masaƙar ita ce agogon unguwa. Da ita mata ke ɗora tukunya, da ita yara ke sanin sun makara. Manyan motoci su shigo da auduga daga ƙauyuka, su fita da bandir-bandir na akoko da alawayyo zuwa garuruwan da masu saƙar ba su taɓa takawa ba.

To, duniya rawar 'yan mata ce. Wuta ta fara wasa, yadin waje mai araha ya cika kasuwa, wata rana jiniya ta yi kukanta na ƙarshe. 'Yan gwangwan suka zo suka kwance injinan suka auna su a sikeli. Daga nan ginin ya shiga hannu-hannu. Ya yi sito na masara, ɓeraye suka yi ƙiba. Ya yi gidan kallon ƙwallo. Wani ya zo ya buga fiya-wata na ɗan lokaci ya gudu. 'Yan siyasa ma sun ɗana, har yau hotunansu na manne a bango, wani a kan fuskar wani. A ƙarshe jikan mai ginin, wani matashi mai suna Sharfaddeen, ya yayyanka gefe-gefensa da katako ya zuba teloli da masu aikin hula da masu cajin waya, ya bar tsakiyar fili wayam.

A bakin ƙofar wannan gini wata mata mai suna Su'ad take da rumfar waina. Mace ce mai fara'a, amma tana ɗauke da wani ciwo a zuci da duk unguwa ta sani.

'Yarta ɗaya, Batul. Tana ƙarama sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗarta, amma cutar ta tafi da jinta. Da farko takan ɗan yi magana, harshe a nauyaye, daga baya ta yi shiru gaba ɗaya. Yanzu ta isa shiga makaranta, sa'o'inta suna tafiya da allo da jaka, ita kuwa tana ƙarƙashin teburin uwarta tana kallon ƙafafun mutane. Idan tana son abu sai ta ja zani, idan ba a gane ba ta yi kuka har ta gaji.

Ubanta Hamisu direban bas ne, Zariya zuwa Kaduna. Ba mugu ba ne, kada a zalunce shi. Kafin ciwon, a wuyansa Batul take yini. Amma tun da ta kurumce, in ya dube ta sai zuciyarsa ta karye, don haka ya koyi kawar da kai. Yakan sayo mata alewa ya miƙa wa uwarta ya ce a ba ta.

Wata rana Batul ta fito daga ƙarƙashin tebur ta bi wata akuya zuwa titi. Ga ɗan acaɓa ya taho a guje yana ta danna ham. Su'ad ta ƙwalla kira har muryarta ta dushe, yarinya ko gezau. Allah ne ya kiyaye, babur ya goge ta ya yar da ita, ta tsira da ƙujewa a gwiwa.

Da labari ya kai wa Hamisu, ya kira matarsa ya zaunar da ita. Sannan ya ce, "Maman Batul, na yanke shawara. Da an yi girbi zan kai ta wajen Gwaggo a ƙauye. Can babu mota, babu babur."

"Baban Batul, raba ni da ita za ka yi?"

"Gara ki riƙa zuwa kina ganin ta da rai. Yarinyar da ba za ki iya ce mata tsaya ba, yaya za ki tsare ta a birni?"

Su'ad ta san gaskiya ya faɗa. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ga damina ta yi nisa, dawa ta fara fitar da kai.

A daidai wannan lokaci ne wata rigima ta taso a masaƙa. Akwai wasu dattawa, tsofaffin ma'aikatan wurin, da ba su taɓa daina zuwa ba. An sayar da injina suna zuwa, an zuba masara suna zuwa. Kullum da hantsi sai su hallara a tsakiyar filin, kowa ya zauna daidai inda injinsa yake a da. Shekarun da suka yi cikin rugugin injina sun cinye musu kunnuwa, saboda haka gaisuwarsu ma ihu ce. Babbansu, Baba Mamman, in ya ce "Ina kwana" sai ka rantse bashi ya zo karɓa da faɗa. Ga kuma wurga hannuwa da murguɗa baki da suke yi wa juna, su ƙyalƙyale da dariya babu wanda ya san dalili.

Teloli suka kai ƙara, wai ana kore musu masu kawo ɗinki. Sharfaddeen ya zo da makullan motarsa a hannu.

"Baba, don Allah ku yi haƙuri," in ji shi. "Nan wurin kasuwanci ne yanzu. In kuna son ganin ginin ku zo da sassafe kafin a buɗe shaguna. Amma zaman yini ya ƙare."

Baba Mamman ya kafa hannu a kunne. "Ka ce me?"

"Na ce zama ya ƙare!"

Da Sharfaddeen ya juya sai ya ce wa teloli, ƙasa-ƙasa, "Sabo turken wawa." Bai san waɗannan mutane a leɓe suke karanta magana ba. Baba Mamman ya gani sarai. Ya naɗe buzunsa, sauran suka bi shi.

Su'ad tana juya waina ta ga sun fito a jere, sun tsaya a rana suna dube-dube kamar waɗanda mota ta sauke a garin da ba su sani ba. Abin ya taɓa ta. Ta san yadda ake yi wa wanda ba ya ji, a gidanta abin yake. Ta goge bencinta na masu cin waina ta yafito su.

"Baba, ku zo ga inuwa."

Maƙwabciyarta Sadiya mai kunun aya ta kama baki. "Ke Su'ad, kina da hankali kuwa? Benci ɗaya gare ki. In waɗannan suka dasa zama, wallahi sai dai a ci wainarki a tsaye."

"To a ci a tsaye, ta fi saurin narkewa."

Maganar Sadiya ba ta faɗi ƙasa ba. Dattawa suka dasa zama, ihun gaisuwa ya dawo rumfar waina, masu son cin abinci cikin natsuwa suka koma gaba. Akwai ranakun da Su'ad ta koma gida da sauran ƙullu. Ta ji zafin abin, ba za a ce ba ta ji ba, amma duk sanda ta yi niyyar yi musu magana sai ta kasa. Ta ci gaba da soya wainarta, ta ba su baya, hankalinta na can kan girbi da ke matsowa.

Wata safiya Baba Mamman ya daka mata kira, har ta kusa ɓarar da mai.

"'Yar nan! Wannan 'ya taki akwai surutu! Tun ɗazu ta hana mu sakat!"

Su'ad ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ba su inuwa, ta yi asarar kasuwa, sakayyar ke nan? Ta juyo idonta ya cika da hawaye.

"Haba Baba. Ko kowa zai yi mini ba'a da lalurar yarinyar nan, ban zaci kai ba. Kurma ce. Rabonta da magana an yi shekaru."

Tsoho ya zuba wa leɓenta ido har ta gama. Sai ya buɗe baki cikin mamaki na gaskiya.

"Kurma? Ikon Allah! Ni ina zan sani? Ni ai duk duniya ba na jin kowa. Na ga yarinya tana kallon hannu, na yi mata magana, ta ba ni amsa. Ke dai juyo ki gani."

Ya dubi ƙarƙashin tebur ya motsa yatsunsa. Sai ga Batul ta rarrafo ta fito. Ta miƙe tsaye gaban tsohon, ta ɗaga hannuwanta ƙanana ta shiga juya su da sauri, tana nuna tanda, tana kumbura kumatu. Dattawa suka kwashe da dariya.

"Me ta ce?" in ji Su'ad.

"Ta ce wainar jiya ta ƙone, kin ɓoye ta a ƙasan kwano kin ba ni!"

Su'ad ta zauna daɓas a ƙasa. Gaskiya ne, ta yi hakan. Tana dariya tana kuka, waina na ƙonewa a tanda ba ta ko waiwaya ba.

Ranar ne Baba Mamman ya warware mata abin da unguwa ta daɗe tana ɗauka taɓin hankali ne. A cikin masaƙa, in injina suna aiki, ko a kunnen mutum ka yi ihu ba zai ji ba. Dole ta sa ma'aikata suka ƙirƙiro zancensu na hannu. Da farko na aiki ne kawai: tsaya, taho, kashe inji, ga mai duba aiki nan. Da shekaru suka tura sai ya yi rassa. Da shi suke sanar da haihuwa da rasuwa, da shi suke tsokanar juna, har neman aure an yi da shi daga wannan layin injina zuwa wancan. Babu wanda ya rubuta shi, babu malamin da ya koyar. Sabon ma'aikaci da ido yake ɗauka, kamar yadda Batul ta ɗauka daga ƙarƙashin tebur.

Abu na farko da Su'ad ta roƙa a koya mata shi ne "tsaya". Ta gwada, Batul ta tsaya cak, tana murmushi.

Da yamma ta tari mijinta da labari tun bai cire takalmi ba. Hamisu ya saurara, ya girgiza kai.

"Maman Batul, kwaikwayo ne irin na yara. Kada ki ɗora wa ranki abin da zai zo ya karya ki. Na riga na yi wa Gwaggo alkawari."

Ta yi magiya ya zo ya gani da idonsa. Yau ya ce lodi, gobe ya ce gyaran mota. Ita ta san ba lokaci ya rasa ba, tsoron sa rai yake yi.

Aka yi girbi. Ranar tafiya ta zo. Su'ad ta haɗa kayan Batul a jaka da hannunta, sannan ta ce, "Alfarma ɗaya nake nema. Zan tafi da ita rumfa da sassafe ta yi sallama da su Baba. Ka biyo ta can ka ɗauke ta."

Ya ce to.

Da ya iso, rumfa babu kowa, ko wuta ba a hura ba. Ƙofar masaƙa na buɗe. Ya sa kai.

Hamisu ya sha wuce ginin nan, amma bai taɓa shiga ba. Ya tsaya turus. Shaguna duk a rufe, wurin tsit. Hasken safiya na zubowa ta tagogin rufi layi-layi, tun daga ƙofa har can ƙarshen da ido ke gani da ƙyar. A kan siminti ga sawun injina nan a jere, ramukan kusoshi da tabon baƙin mai, kamar jiya aka ɗauke su. 

A tsakiyar filin dattawan suna tsaye, kowa a kan sawun injinsa, nesa da juna. Babu mai ihu yau. Hannuwa kawai ke tashi suna sauka cikin haske, zance na tafiya daga wannan tsoho zuwa wancan. A tsakaninsu ga Batul, tana juyawa nan da can, tana amsa wa kowa. Wani ya faɗi wani abu daga nesa, ta riƙe ƙugu ta mayar masa, tsohon ya dafe kai alamar an kayar da shi. Sai ta yi dariya. Da sauti ta yi ta, dariyar ta bugi rufin kwano ta dawo.

Rabon Hamisu da jin wannan dariya tun kafin ciwo. "Subhanallahi," kawai yake maimaitawa.

Batul ta hango shi. Ta ga jakar kayanta a hannunsa, dariyar ta ɗauke. Ta tako a hankali har gabansa, ta ja rigarsa ƙasa, dole ya durƙusa. Ya so ya kawar da kai yadda ya saba, ta sa hannu biyu ta riƙe fuskarsa ta juyo da ita.

Sannan ta kai yatsu biyu bakinsa kamar ta kamo wani abu siriri. Ta jawo shi a hankali har zuwa kunnenta. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta fizge. Ta bugi bayan hannunta da yatsa, ta nuna ƙirjinta, ta ɗaga gira tana jira.

Hamisu ya dubi matarsa. Su'ad ta gane, amma kuka ya hana ta magana. Baba Mamman ne ya matso, kuma a karon farko tun da aka san shi, muryarsa ta fito a hankali.

"Wannan da ta fizge, a wurinmu shi ne zare ya tsinke. Ta ce zaren da ke tsakanin bakinka da kunnenta ya tsinke. Bugun bayan hannu kuwa, haka mai duba aiki yake tambaya in yadi ya ɓaci: laifin wa?" Tsoho ya dubi Hamisu. "Tambayarka take yi, ɗana. Ta ce ko laifinta ne ya sa ka daina yi mata magana."

Jakar ta suɓuce daga hannun Hamisu. Ashe duk shekarun nan yarinyar ba ta san ciwo ne ya taɓa ta ba. A zatonta wani laifi ta yi, ubanta ya yi fushi ya ɗauke muryarsa.

"A'a! Wallahi a'a, Batul!" Ya faɗa da ƙarfi, ya sake faɗa, ginin ya amsa. Yarinya tana kallon bakinsa, girarta a ɗage, tana jira har yanzu.

Ya juya ga tsohon, hawaye na bin gemunsa. "Baba, don girman Allah, yaya ake cewa a'a?"

Baba Mamman ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kama hannun Hamisu ya ɗora a bayan hannun Batul, daidai inda ta buga, ya sa shi ya share wurin.

"Wannan shi ne ba laifinki ba. Saura ɗaya. Mu a nan, in zare ya tsinke ba a ɗauke inji a kai ƙauye. Wanda ya tsinke a gabansa shi ke ƙullawa."

Ya nuna masa yadda ake yi. Hamisu ya kamo bakin zare daga leɓensa, ya kamo ɗayan daga kunnen 'yarsa. Ya haɗa su ya murza. Bai iya ba, yatsun direba ne. Batul ta girgiza kai, ta kama yatsun nasa ta gyara musu zama, ta sa shi ya sake. Da ya yi daidai sai ta ja ƙullin da kanta ta gwada ƙarfinsa, sannan ta faɗa jikinsa ta ƙanƙame wuyansa.

Dattawan nan da suka ga tashin masaƙa suka ga faɗuwarta, babu wanda bai goge ido ba.

Ranar Hamisu bai je tasha ba. A bencin waina ya yini tsakanin tsofaffi, 'yarsa na kan cinyarsa tana gyara masa kuskure. Da la'asar ya kira Gwaggo a waya ya ba ta haƙuri, ya ce Batul ba za ta zo ba.

Yanzu in ka je da safe za ka tarar da wasu iyayen sun kawo nasu 'ya'yan masu irin wannan lalura, har daga Tudun Jukun da Tukur-Tukur. Da bencin ya yi kaɗan, Sharfaddeen da kansa ya zo ya gaida Baba Mamman a durƙushe, ya ce su koma tsakiyar fili. Ginin da ya cinye kunnuwan kakanni, yau a cikinsa jikoki ke samun bakin magana. Allah mai yadda ya so.

Darasi: Kada ka raina mutumin da duniya ta gama amfani da shi ta ajiye a gefe, domin ba ka san abin da Allah ya ɓoye maka a hannunsa ba. Su'ad inuwa kawai ta bayar, Allah ya mayar mata da 'yarta. Kuma ku iyaye, in Allah ya jarrabce ku da yaro mai lalura, kada zafin abin ya sa ku kawar da kai, domin shi yana kallo, kuma zai ɗauka laifinsa ne. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wani gida da zare ya tsinke ana jiran mai ƙullawa.